Tarihin da Na Goge da Hannuna

Kafin in shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san abin da na dogara da shi. Akwai wani littafin rubutu da nake ajiyewa kusa da kwamfuta, inda nakan rubuta aikin da zan yi a yini, sai dai ban cika sa kwanan wata ba. Akwai saƙonnin waya tsakanina da ɗan gwaggona, amma sun faro ne daga tsakiyar damina, domin na canza waya kafin nan. Akwai kuma kundin tarihin aikinmu kamar yadda yake a yau, wanda ba zai taimaki kowa da kwanan wata ba, saboda rana ɗaya ce rubuce a kan kusan komai. Sauran duk daga abin da na tuna ne, kuma na san zuciyar da aka ɓata wa tana iya ƙara gishiri. Inda nake da tabbaci zan faɗa. Inda ba ni da shi ma zan faɗa.

Abin da zan iya tsayawa a kai game da lokaci shi ne: mun fara aikin a bazarar da ta biyo bayan hidimar ƙasata, kuma abin da zan ba da labarinsa ya ƙare wajen girbin dawa na wannan shekarar.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dawakin Tofa da Ɗambatta, inda gona ke jingine da gona, ba ka ganin daji sai ɗorawa da kuka jefi-jefi a tsakanin kunyoyi. Ɗan gwaggona ya girme ni da shekara huɗu, kuma shi ya riga ni karanta ilimin kwamfuta. Taubashina ne, wato abokin wasana na jini, tunda uwarsa ƙanwar mahaifina ce. Wanda ya tashi a cikinmu ya san dokar wannan wasa: kowa yana iƙirarin shi ne ubangidan ɗan'uwansa, kowa yana faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Idan muna maganar gaske ina kiransa Yaya. Shi kuwa tun muna yara yake kirana Alƙali, wai don ba na barin magana ta wuce ba hujja.

Shi ya kawo shawarar mu rubuta manhaja da za ta riƙa tura wa manoma saƙon murya da Hausa: lokacin shuka, lokacin zuba taki, lokacin maimai, kowa gwargwadon abin da ya shuka. Adalci ne in faɗi nasa ƙoƙarin. Shi ya bi gida-gida a kan babur yana karɓar lambobin waya, shi ya shawo kan dattawan da suka ce waya ba za ta koya musu noma ba, muryarsa ce a cikin saƙonnin, kuma ya rubuta shafin da ake shigar da sunayen manoma. Ni na rubuta sashen da ke zaɓar saƙon da ya dace da kowane manomi ya tura shi a kan kari. A ganina wannan ne mafi yawan rubutun, amma ba ni da ma'aunin da zan nuna wa kowa yanzu.

A zauren gidanmu muke aiki da hantsi, da faifan sola guda a kan rufi. Duk wanda ya rubuta manhaja tare da wani ya san ana ajiye aiki kashi-kashi. Ka yi gyara, ka ajiye shi a kundi tare da gajeren bayanin abin da ka yi, kundin da kansa ya liƙa sunanka da lokacin. Masu sana'ar suna kiran kowace irin wannan ajiya komit. Kundin namu yana zaune a intanet ƙarƙashin asusun Yaya, kowannenmu kuma yana da cikakken kwafinsa a kwamfutarsa.

Bayanan Yaya abin dariya ne. Na kwafi wasu a littafina tun a lokacin, don haka waɗannan ba daga ka na kawo su ba: "Bismillah." "Gyara." "Gyara kuma." "Alhamdulillah ya tashi." "Gyara na ƙarshe in sha Allah." "Wallahi na gaji." Nawa ma a farkon ba su fi nasa da yawa ba. Ina rubuta "an taɓa saƙonni" in wuce.

Da damina ta kankama, saƙon da aka tanadar wa masu gyaɗa ya tafi wa masu wake. Babu wanda ya yi asara, amma bayan sallar Juma'a wani dattijo maƙwabcinmu ya tare ni a gaban mutane.

"Kai ɗan Malam, wayar nan taku ta ce in leƙa gyaɗata. Ni kuwa rabona da shuka gyaɗa tun ba a haife ka ba. Ko a gonar wa ta gan ta?"

Aka yi ta dariya. Na koma gida na yi kwana biyu ina buɗe komit ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda ya jawo kuskuren, domin babu bayanin da ya faɗi abin da ya taɓa. A ƙarshe na same shi ƙarƙashin "gyara kuma". Nasa ne, amma ya yi shi ne a kan wani layi da ni na rubuta ba tare da na yi masa bayani ba, don haka laifin namu ne mu biyu.

Daga nan na kafa ƙa'ida. Kowane bayani zai fara da ɗaya daga cikin kalmomi biyar: sabo, gyara, shara, gwaji, ko bayani. Sai a faɗi sashen da aka taɓa, sai jimla guda gajeriya da ke faɗin abin da aka yi. Na san Yaya ba zai bi ƙa'idar baki ba, sai na rubuta ɗan shiri da ke duba kowane bayani kafin a karɓe shi. Idan ya bi tsari, alama ta yi kore, aiki ya shiga. Idan bai bi ba, ta yi ja, a mayar wa mutum da kayansa. Yaya ne ya sa masa suna Maigadi.

Washegarin da na ɗora shi, ina alwala a tsakar gida na ji shi yana kwala mini kira daga zaure.

"Alƙali! Zo ka ga abin da bawana ya haifa. Na rubuta Bismillah, ya ƙi! Wannan maigadin naka ko sallah yana yi?"

"Yaya, ka faɗi Bismillah da bakinka, shi kuma ka rubuta masa abin da ka gyara."

"Yau na ga ikon Allah. Bawa ya ɗauki maigadi ya sa wa ubangidansa a ƙofa."

"Ubangidan da ya aika wa wake saƙon gyaɗa?"

Ya jefe ni da hularsa. Amma maganar ta ɗan tsaya mini a rai, sai na kai ta gaban mahaifina bayan la'asar, da ɗalibansa na fiƙihu suka watse. Na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya tambaye ni ko ana goge abin da aka rubuta a wurin. Na ce akan goge. Ya ce to ambaton Allah a harshe ya wadatar, kuma gara kada a riƙa sa sunansa inda za a share shi kamar shara. Na kai wa Yaya wannan amsa ina jin na yi nasara. Ya ce, "To, Kawu ya yanke. Na bi."

Kuma ya bi. Wata biyu ko fiye Maigadi yana aiki, yana mayar wa Yaya da bayani, shi kuma yana tsaki yana sakewa. Sau ɗaya ma ya yaba, ranar da muka nemi wani gyara muka same shi kafin shayi ya huce. Abin da ya rage yana damuna shi ne tsohon tarihin, na kafin zuwan Maigadi. Duk lokacin da na gangara ƙasan kundin na ga "gyara kuma" da "wallahi na gaji", sai in ji kamar na ga ciyawa a gonar da aka gama nomewa. Na sha faɗa masa haka. Wannan ma dole in rubuta shi, domin daga baya ya zama hujja a kaina.

Wajen ƙarshen damina Yaya ya ce wata ƙungiya mai horar da matasa masu rubuta manhaja ta ji labarin aikinmu, tana so ta duba shi. Shi ya rubuta musu, don haka duk wasiƙunsu ta imel ɗinsa suke zuwa. Abin da ya gaya mini a lokacin shi ne suna ba da horo na shekara guda tare da aiki, kuma za su yi hira da mu biyun bayan kowa ya cike takardar bayanin abin da ya yi. Ya ce kada baƙi su buɗe kundi su tarar da shirmenmu na farko, ga kuma sunan Allah a warwatse inda Kawu ya ce bai dace ba. Ya kamata a tsaftace.

Na yi murna ƙwarai. Na zaunar da shi na nuna masa yadda ake yi: a bi tsofaffin komit ɗaya-ɗaya, a sake wa kowanne bayani, a bar sunan mai shi da ranarsa yadda suke. Aiki ne mai cin rai, domin sun haura ɗari biyu a ƙiyasina, ko da yake ban taɓa ƙirga su ba. Na ce zan yi da kaina bayan girbi. Ya ce lokaci ba zai jira ba, in tafi in taya Kawu, shi zai yi.

Kwana huɗu na yi a gonar gero. Muna yanka, muna ɗaure dammuna, muna lodawa a amalanke. Ban buɗe kwamfuta ba. A rana ta huɗu, ina zaune a gindin ɗorawa ina shan fura, saƙonsa ya shigo. Yana nan a wayata, ga shi kamar yadda ya rubuta:

"Alƙali an gama. Na buɗe sabon kundi mai tsafta, na rufe tsohon. Ka goge wanda ke kwamfutarka ka sauko da sabo kada su yi karo. Sannan ka ɗora mana Maigadinka a sabon."

Ina so mai karatu ya san cewa wannan shawara, a fuskar sana'a, ba baƙuwa ba ce. Idan an sake tarihi, tsohon kwafi yakan rikita aiki, kuma akan ce wa abokin aiki ya sauko da sabo. Wanda ya fi ni wayo da ya matsar da tsohon gefe ya ajiye. Ni kuwa ina son tsafta, kuma kwamfutata ba ta da wuri sosai. Da na dawo gida na yi wanka, na goge shi, na share har kwandon shara. A littafina akwai layi guda: "Goge tsohon kwafi, sauko da sabo. An yi." Babu kwanan wata.

Na buɗe sabon kundin na ga komit goma sha biyu, kowanne da bayani mai kyau kamar ni na rubuta. Na yi mamakin raguwarsu, amma na ɗauka ya haɗa ƙanana ne wuri guda. Na ɗora Maigadi da komit uku, na sa shi ya bi ta kan sha biyun, duka suka yi kore. Bayanan nake karantawa, ina duba ko kalmar farko daidai take, ko jimla ta yi tsawo. Ban kai idona kan layin da ke ɗauke da sunan marubuci ba. Maigadi ma ban koya masa duba wannan layin ba. Har saƙo na tura wa Yaya: "Aikinka ya yi kyau. Na 'yanta ka na kwana ɗaya."

Hirar ta zo wajen girbin dawa. Kowa da lokacinsa, ta bidiyo. Na tafi bayan gari inda sabis ya fi ƙarfi, na shimfiɗa tabarma, na ɗora kwamfuta a kan kujera 'yar tsuguno. Wata mata ce ta yi mini tambayoyi, mai natsuwa da ladabi. Ta fara da yabo. Ta ce tarihin aikinmu a tsare yake, ana karanta shi ba wahala. Sannan ta ce, kamar yadda suka rubuto, gurbi ɗaya ne ga kowace manhajar da aka kawo musu, kuma tunda kowa yakan ce shi ya yi, su kundi suke bi.

Ban taɓa jin maganar gurbi ɗaya ba sai a bakinta.

"Malam, a takardarka ka ce kai ka rubuta sashen da ke zaɓar saƙonni. Za ka iya nuna mini a kundin?"

Na ce sosai ma. Na buɗe a gabanta. Komit ɗin yana nan, da bayaninsa mai kyau, da alamarsa kore. Sunan Yaya ne a kai. Na buɗe na sama da shi, na buɗe na ƙasa. Duka sha biyun sunansa ne, duka rana ɗaya. Sunana yana kan uku kacal, na Maigadi.

"Wato kai ne mai kula da tsarin bayanai," in ji ta. "Shi ma aiki ne mai amfani."

Na ce mata an sake kundin ne, tsohon ya fi wannan bayani. Ta ce in turo tsohon. Na ce babu shi. Ta yi mini tambaya biyu a kan sashen, na amsa, ina jin na amsa daidai. Abin da ya rage in faɗa shi ne ɗan'uwana ya ɗora sunansa a kan aikina. Ban iya faɗin haka ga baƙuwa ba, ba tare da shaida a hannuna ba. Na ce, "Haka kundin ya nuna, Hajiya." Muka yi sallama.

Shi aka ɗauka.

Ranar da dangi suka taru a gidan Gwaggo da rana don yi masa addu'a, na ja shi gefe, bayan rumbu. Na yi magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, sunana ba ya cikin kundin."

"Yana ciki mana. Sau uku."

"Yaya, maganar gaske nake yi."

Ya dube ni. Ban san abin da na gani a fuskarsa ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Sai ya ɗaga murya yadda na tsakar gida za su ji.

"Jama'a ku zo ku ji ƙara! Bawana ya ce na ci masa aiki. Yaushe bawa ya fara mallakar abu? Ai shi da abin da ya rubuta duk nawa ne!"

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Wata 'yar'uwarmu ta ce in kai shi kotu tunda ni ne alƙalin. Gwaggo tana rabon tuwo ta ce, "Ku dai ba kwa girma. Zo nan ɗana, karɓi naka da man shanu, rabu da shi." Na karɓa. A wannan gida, a gaban waɗannan mutane, babu hanyar da zan maimaita maganar ta fito a matsayin magana. Da na sake ta, wasa ne. Da na ɓata rai, ni ne taubashin da bai san wasa ba, mai baƙin ciki da arzikin ɗan'uwansa a ranar addu'arsa. Tun muna yara nake cin moriyar wannan doka, na faɗa masa abin da ba zan iya faɗa wa wani yayana ba. Ban taɓa tunanin za a iya rufe mini baki da ita ba.

Bayan kwana biyu na rubuta masa, domin a rubuce babu 'yan kallo. Amsarsa tana nan: "Wallahi hanya mafi sauƙi na bi. Na fara yadda ka nuna mini na ga ba zan gama ba, sai na kwashe fayilolin na zuba a sabo. Ban lura da suna ba. Kai ne fa ka dame ni a tsaftace." Na tambaye shi ko tsohon kwafin yana kwamfutarsa. Ya ce ya goge, kamar yadda ya ce in yi. Na roƙe shi ya rubuta wa ƙungiyar ya faɗi wanda ya rubuta me. Ya ce in sha Allah idan ya zauna. Na ce ya turo mini wasiƙar da ta yi maganar gurbi ɗaya, in ga ranar da ta zo. Ya ce zai nemo. Sau biyu na tuna masa. Na uku ya turo mini hoton wani maigadi yana barci a kan benci.

Na auna bayaninsa iyakar adalcina. Duk wanda ya kwashe fayiloli ya zuba a sabon kundi, sunansa ne zai hau kan komai, ko ya nufa ko bai nufa ba. Yaya kuma mutum ne mai gajen haƙuri da aikin ɗaya-ɗaya, na san shi da haka tun kafin wannan. Wannan yana gefensa. A ɗaya gefen, wanda ya zauna ya raba aikin wata shida kashi goma sha biyu, ya rubuta wa kowanne bayanin da Maigadi bai sami abin cewa ba, bai yi kama da mai gaggawa ba. Kuma bai taɓa gaya mini gurbi ɗaya ne ba.

Na kai wa mahaifina maganar, ba don ya yi hukunci ba, don dai in faɗa wa wani da zai ji ta a matsayin magana. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Kana da shaida?" Na ce ina da ita, na goge ta. Ya ce, "Wa ya goge?" Na ce ni. Sai ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma yaron ɗan ƙanwarsa ne. Bai ce na yi ƙarya ba. Bai kuma kira shi ba.

Yaya yana birni yanzu. Manhajar tana aiki, manoma suna samun saƙonsu, ni nake kula da ita daga zaure tunda shi ba shi da lokaci. Idan ya zo gida muna gaisawa, yana kirana Alƙali, ina amsawa. Na daina ce masa bawana, kuma ban sani ba ko ya lura.

Har yau ban ga wasiƙar ba. Ranar da ya rubuto mini in goge kwafina, shin ya riga ya san mutum ɗaya za a ɗauka, kuma da kundin za a auna mu?